Yadda Ake Ƙyanƙyasar Ƙwan Salwa a Gida da Na'ura

Kiwon salwa 'yar Japan ya fara yaɗuwa a Nijeriya ne tun shekarar 1992, lokacin da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta shigo da ita. Wannan tsuntsuwa tana fara saka ƙwai cikin mako 6 zuwa 8, amma ba kasafai take kwanci ba. Saboda haka duk mai son bunƙasa kiwonta ba makawa sai ya nemi na'urar ƙyanƙyasa.

Da farko, a zaɓi ƙwai masu tsabta, marasa tsaga, daga garken da aka haɗa namiji ɗaya da mata uku. Kada ƙwan ya wuce kwana 7 a ajiye, kuma kada a wanke shi. A kunna na'urar kwana ɗaya kafin a zuba ƙwai, domin a tabbatar zafinta ya tsaya a digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas.

Daga ranar farko zuwa ta 14, a riƙa juya ƙwan aƙalla sau uku a rana, don kada ɗan tsako ya manne da ɓawo. Laimar cikin na'urar ta kasance kusan kashi 50 cikin ɗari. Bayan kwana 14 sai a daina juyawa, a ƙara ruwa har laima ta kai kashi 65 zuwa 70, a kuma bar buɗe murfi. 'Yan tsaki kan fito a rana ta 17 ko ta 18.

Muna jan hankalin jama'a kan abubuwa biyu da suka fi jawo asara. Na farko shi ne ɗaukewar wutar lantarki, don haka a tanadi batir ko na'ura mai aiki da hasken rana. Na biyu kuwa yanayi ne: hunturu yana busar da ruwan na'ura da sauri, zafin bazara kuma yana iya kashe abin da ke cikin ƙwai. A ajiye na'urar a ɗaki mai inuwa da iska.

Idan 'yan tsakin sun bushe, a mayar da su wuri mai ɗumin digiri 35, ana rage shi kowane mako. A sa ƙananan tsakuwa cikin mazubin ruwansu, don kada su nutse.

Muna kira ga masu unguwanni da malaman gona da su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Duk wanda ya ga tsuntsayensa suna mutuwa ba zato, ya gaggauta sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarsa.