Waɗanda Suka Zauna Bayan Giginya

A shekarar 2005 wani mai shirya fim ɗan ƙasar Rasha, Aleksandar Sokurof, ya fitar da fim mai suna Solntse, wato Rana, a kan Sarkin Japan Hirohito a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Mai neman faɗa da ƙarar bindiga zai yi barci kafin a kai rabi. Abin da ake nunawa shi ne sarki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, hadimi na ɓalla masa maɓallin riga hannu na rawa, shi kuma yana ta motsa leɓe ba ya cewa komai. Da ya je gun Janar MacArthur na Amurka ya tashi fita, sai ya tsaya turus a bakin ƙofa, don tun da aka haife shi wani ne ke buɗe masa. Hirohito ya sanar da saduda ta rediyo ranar 15 ga Agusta 1945, aka kuma bar shi a kan gadonsa har rasuwarsa a 1989.

Mu a ƙasar Gwandu, daga Kalgo har Ambursa, ba sai mun je Japan neman irin wannan labari ba. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Nasara suka ci Sakkwato a filin Giginya, bayan Kano ta faɗi a watan Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a na barin gonakinsu suna bin sa, har ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Wannan kowa ya san shi, kuma ya cancanci a sani.

Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne labarin waɗanda suka zauna. Waziri Buhari ya ja da baya zuwa Marnona tare da jama'ar da suka watse, ga mata ga tsofaffi ga yara, ba abinci isasshe, ba a san hanyar da take da aminci ba. Nan ya tara malamai ya nemi fatawa: a bi sarki, ko a koma a zauna ƙarƙashin wanda ya ci ƙasa da yaƙi? Cikin waɗanda maganarsu ta yi nauyi akwai Alƙalin Gwandu, Malam Ahmadu ɗan Sa'adu. Hujjar da aka tsaya a kai ita ce taƙiyya: idan an fi ƙarfin Musulmi, ya halatta su nuna biyayya a baki ba a zuci ba, muddin ba a hana su salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Aka kuma yi la'akari da cewa in malamai da shugabanni duk suka tafi, talakan da ba shi da jaki balle guzuri wa za a bar wa shi?

Waziri ya komo Sakkwato, Lugga, shugaban Nasara, ya naɗa Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba. Amma zuciyar Waziri ba ta kwanta ba, har sai da ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa, alamar dai surutun mutane ya kai masa kunne. A ganina wannan wasiƙa ta fi fim ɗin Sokurof ban tausayi, domin shi Hirohito ɗan wasa ne ya ƙaga mana abin da ke ransa, Waziri kuwa da alƙalaminsa ya faɗa. Masu shirya finafinanmu na Kano sun yi ta sarakunan ƙage masu rawani da zare ido, sun bar wannan zama na Marnona ba wanda ya taɓa.

Zaman ma bai zama kariya ga kowa ba. Da mutanen Satiru suka tashi a Fabrairun 1906 suka kashe Turawa uku, aka dawo a watan Maris aka shafe garin. Nasara suka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru da karkata ga masu boren, suka tuɓe shi suka naɗa Haliru, shekara uku kacal bayan an karɓi mubaya'ar gidan Abdullahin Gwandu.