Mai Rabon Ɗakuna a Cikin Saba

A ofis ko makarantar da aka haɗa kwamfutocinta, ma'aikaci kan zauna gaban wadda ya ga dama, ya buga sunansa da kalmar sirri, sai ga takardunsa sun fito. Wannan aikin mai kula da saba ne, wanda ake kira admin.

Jarin ba kaɗan ba ne: kwamfuta mai ƙarfi da ba a kashewa, wato sabar kanta, manyan diski, kebul wanda ba a ja shi ya wuce mita 100, da batir da inbata. Sai manhaja. Mai hali ya sayi Windows Server, ya kuma biya lasisin kowane ma'aikaci ko kowace na'ura. Mai lallaɓa aljihu ya ɗora Linux da Samba, wadda Andrew Tridgell na Ostareliya ya fitar a 1992, kuma kyauta ce har yau.

Gwanintar tana wajen rabo. Saba kamar gidan haya take, kowa da ɗakinsa da mabuɗinsa. A tsohon tsari, admin yakan buɗe fayil ɗin smb.conf na Samba ya rubuta inda foldar kowa za ta zauna, da harafin da za ta bayyana da shi, galibi H. Ba ya jera sunaye ɗaya bayan ɗaya. Alamar %U yake sawa, saba ta maye gurbinta da sunan duk wanda ya shigo, layi guda ya wadatar da ɗaruruwan mutane. A sabon tsari na Active Directory, wanda Samba ta iya riƙewa tun 2012, cikin asusun mutum ake rubuta adireshin foldarsa. Daga nan sai izini, kada masinja ya leƙa foldar akanta.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne cakuɗa wannan folda da bayanan da ke bin mutum daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Su waɗannan kwafe su ake yi duk shiga da fita. Wani ya jibge bidiyon biki a fuskar kwamfutarsa, gobe da safe ya yi ta jira ta buɗe, ya ce saba ta lalace. Ƙwararre yakan raba foldar da waɗannan bayanan, ya ware wa foldojin diski daban, ya kuma yanka wa kowa iyaka.

Wasu admin albashi suke ɗauka, wasu kwangila: kuɗin girkawa sau ɗaya, sai na kulawa duk wata. Aikin dare da na Asabar da Lahadi ya yi yawa, don ba a taɓa saba mutane na kai. Ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta. In komai na tafiya daidai ba mai tunawa da admin, ranar da fayil ya ɓace kuwa kowa ya san lambarsa.

Idan za ka ɗauki admin, ka tambaye shi ina yake ajiye kwafin foldojin, da ranar ƙarshe da ya gwada dawo da su.