Koyon Cinikin Hannun Jari Ba Tare Da Biyan Ko Kwabo Ba

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna wa 'yan'uwa ɗalibai inda za su nemi ilmin cinikin hannun jari kyauta, domin da yawa daga cikinmu ba su san kan wannan kasuwa ba, sai labarin asara. A watan Disamba na 2016 shirin nan na MMM ya rufe asusun mutane, aka wayi gari dukiyar talakawa ta salwanta. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma jahilci shi ne ƙofar.

Mene Ne Hannun Jari?

Hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saye shi ya zama yana da rabo a cikin ribar da kamfanin ya raba, haka kuma yana da rabo a cikin faɗuwarsa. An kafa kasuwar wannan ciniki a Legas a 1960, ta fara aiki a 1961, aka mai da sunanta Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya a 1977. Dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 su ne suka jawo jama'a da dama cikinta. Tun daga 2021 ana kiranta NGX.

Inda Ake Samun Ilmin Kyauta

Na farko shi ne rahoton shekara na kamfani. Doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke cikin kasuwar ya bayyana lissafinsa, kuma ana samun waɗannan rahotanni a shafin NGX na intanet da na kamfanonin kansu, irin su Dangote Cement da MTN Nijeriya. Mai karatu ya duba abubuwa uku, watau cinikin da aka yi, da ribar da ta rage, da bashin da ake bin kamfanin. Sa'an nan ya kwatanta shekara biyar a jere, gama shekara ɗaya ba ta nuna halin kamfani.

Na biyu shi ne jerin farashi na kullum, wanda kasuwar ke fitarwa, jaridu kuma su buga. Ga yadda ake amfani da shi. A ɗauka hannu ɗaya na wani kamfani Naira 20 ne, ribar da ta faɗa wa kowane hannu a shekara kuwa Naira 4. In aka raba 20 da 4 sai a sami 5. Ma'ana, mai saye ya biya kuɗin ribar shekara biyar ke nan. In wani kamfani mai sana'a iri ɗaya ya ba da 15, to, sai a tambayi dalilin tsadarsa.

Na uku ita ce Hukumar SEC, wadda aka kafa a 1979 don sa ido kan kasuwar. Tana da jerin dillalan da ta yi wa rajista, kowa kuma yana iya dubawa. Duk wanda ya ce zai juya maka kuɗi, in babu sunansa a nan, to, ka kama kanka.

Na huɗu, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi kowane wata. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin ribar da ba ta kai tashin farashin kaya ba, asara ce ta sa rigar riba.

Wanda ke son leƙa kasuwar Amurka kuwa, akwai rumbun EDGAR, inda kamfanonin can ke ajiye rahotanninsu. Shafin Investopedia yana bayyana ma'anar kalmomin wannan fanni, Khan Academy kuma tana da darussa, duk kyauta. Mai gudun riba ta haram yana iya duba ma'aunin Lotus, wanda aka fara a 2012, mai ƙunshe da kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar Shari'a.

Gwaji Kafin Zuba Kuɗi

Ɗalibi ya sami littafin rubutu, ya zaɓi kamfani biyar, ya rubuta farashinsu da dalilin zaɓensu, ya riƙa bibiya har wata shida. A ƙarshe zai ga inda hasashensa ya yi daidai da inda ya kauce, bai kuwa rasa ko sisi ba.

Kammalawa

Ilmi ba ya kawar da haɗari. A 2008 kasuwar Nijeriya ta faɗi warwas, waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari su ne suka fi jin jiki. Saboda haka kada ɗalibi ya taɓa kuɗin makaranta, kada kuma ya ci bashi don wannan ciniki. Ya fara da karatu, in hali ya samu ya sa abin da zai iya jure rashinsa.