Ƙunsoshin da Ke Cinye Faifan Kwamfuta a Ɓoye

Sanin kowa ne cewa rumbu idan ya cika, ba ya karɓar ko damin gero ɗaya. Haka yake ga saba, wato babbar kwamfutar nan mai yi wa sauran kwamfutoci hidima a makaranta ko ofis. Ranar da faifanta ya cika maƙil, sai ta kasa rubuta sabon bayani, har ma'ajiyar sakamakon jarrabawar ɗalibai ta iya tsayawa cik. Sau da yawa kuwa abin da ya cinye wurin kaya ne da aka riga aka gama amfani da su.

Mu ɗauki misalin Debian, tsarin da Ian Murdock ya kafa a 1993, wanda Ubuntu ta tsiro daga gare shi a 2004. A nan manhaja tana zuwa ne cikin ƙunshi mai suna da ke ƙarewa da .deb. Ma'aikacin da ke ɗauko ta daga intanet shi ne APT, wanda ya shiga Debian 2.1 a 1999. Idan aka ba da umarnin apt-get, sai ya sauke ƙunshin a /var/cache/apt/archives, ya kwafe abin da ke ciki zuwa inda ya dace. To, amma shi ƙunshin yana nan da nauyinsa. Kowane sabuntawa yana ƙara wani a kan na jiya, har su taru su yi tsibi.

Kafin a share komai, a fara aunawa. Umarnin df -h yana nuna yadda faifai ya cika, du -sh /var/cache/apt/archives kuma ya faɗi girman tsibin.

Tsintsiya iri biyu ce. Ta farko, apt-get clean, tana kwashe ƙunsoshin baki ɗaya. Ta biyu, apt-get autoclean, tana cire waɗanda suka tsufa har aka daina rarraba su, ta bar sauran. Duka biyun suna buƙatar izinin mai kula da kwamfutar, kuma babu wadda ke taɓa manhajar da ke aiki. Sabon umarnin apt ma yakan share nasa ƙunsoshin da kansa bayan girkawa.

Wacce ta fi? A ganina, inda intanet ke da tsada ko yawan yankewa, ta biyu ta fi dacewa, domin ƙunshin da aka adana yana ba da damar sake girka manhaja ba tare da an sake sauko da ita ba, ana kuma iya kai shi ga wata kwamfutar mai tsari iri ɗaya. In kuwa faifai ya riga ya toshe, ta farko ce magani.

Sai dai a kiyayi share fayiloli da hannu bisa zato. Can a /var/lib/dpkg ne tsarin ke ajiye rajistar duk manhajar da aka girka. Idan ta ɓace, APT ba zai ƙara sanin abin da ke cikin kwamfutar ba.