Teɓa, Tafiyar Ƙasa da Shayin Rage Ƙiba: Wanne Ke Aiki?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya zauna da gindinsa a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Shinkafa ta yawaita a tukunya. Daga baya babur ya karɓe tafiyar ƙasa, injin niƙa ya hutar da turmi da taɓarya. An samu sauƙi, amma ɗan kasuwar da ke yini a rumfa, da ma'aikacin ofis, da uwargidan da ba ta cika fita ba, jikinsu yana karɓar abin da ba ya ƙonawa.

A nan mai teɓa ana yi masa kallon wanda ya ji daɗi. Har akwai matan da ke shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" don su yi jiki, alhali wasunsu, irin su dexamethasone, suna tayar da sukarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa.

Kitsen da ya fi haɗari shi ne na ciki, wanda ke lulluɓe hanta da hanji. Yana sa jiki ya daina sauraron insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Daga nan sai ciwon sukari da hawan jini su biyo baya. Gwajinsa a gida bai fi igiya ba: mutum ya auna tsawonsa da ita, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai saman cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, lokacin zuwa asibiti a auna sukari da hawan jini ya yi.

Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, kuma idan tana aiki tana iya jan sa ko da insulin ya yi rauni. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an bi mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin da kashi 58 cikin ɗari, masu shan maganin metformin kuwa kashi 31. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako: tafiya da sauri bayan sallar asuba a cikin gari, tunda matsalar tsaro ta sa nisa da gari ya zama kasada, ko tuƙa keke, ko riƙe fartanya. Matar da ke cikin gida tana da daka, jan ruwa a rijiya, da zagaya tsakar gida bayan tuwon dare. Da irin wannan motsa jiki, kitsen ciki kan ragu ko da sikeli bai nuna sauyi ba.

To, ina matsayin shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake tallatawa a WhatsApp da motoci masu lasifika? Da yawa daga irin wannan shayi filasko ne a ciki. Zawo yake sawa, ruwan jiki ya zube, kitse yana nan daram. An sha gano sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin koren shayi masu ƙarfi na iya taɓa hanta. Lambar NAFDAC a jikin kwali ma ba shaidar cewa abu yana narkar da teɓa ba ce.

Zoɓo yana da ɗan abin nunawa. Binciken Jami'ar Tufts na 2010 ya samu cewa kofi uku a rana na mako shida ya ɗan sauke hawan jini, sai dai ba irin wanda aka cika da sukari aka ƙulla a leda ba. Zogale da rama da kuka ganye ne masu amfani a kwaɗo da miya, amma ba sa maye gurbin maganin likita.

Abin da ya fi tasiri yana cikin kwanon gida: gero da dawa da wake a rage musu gasa da farar shinkafa, a sassauta sukari a fura da shayi, a tuna kwalbar lemo guda kan ɗauki kimanin ƙaramin cokali tara na sukari. Mai ciwon zuciya, ko wanda ke kan allurar insulin, ya fara ganin likita a babban asibitin garinsu ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau kafin ya soma motsa jiki mai ƙarfi, domin sukarin mai allurar insulin na iya faɗuwa ƙasa ba shiri.