Shari'ar Intel da AMD: Inda Ɗalibi Zai Tono Gaskiyar Magana

A ranar 13 ga Mayu, 2009, Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanin Intel tarar yuro biliyan 1.06, saboda samunsa da laifin danne abokin gasarsa, AMD. Jaridun duniya suka buga labarin, shi ne kuma adadin da ɗalibi zai fara cin karo da shi idan aka ba shi aikin rubutu a kan shari'o'in kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da yawa daga nan suke kwafewa su miƙa wa malami. Abin da ba su sani ba, kotu ta soke wannan tara tun a watan Janairun 2022.

Na zaɓi wannan rigima ne domin duk tarkon da mai bincike zai iya faɗawa yana cikinta.

Asalin tsamin ya daɗe. An kafa Intel a 1968, AMD kuma a 1969, dukkansu a jihar Kaliforniya ta Amurka. Sana'arsu ita ce ƙera 'yar ƙwayar silikon ɗin nan da ke yin lissafi da sarrafa umarni a cikin kwamfuta. Lokacin da IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, bai yarda ya dogara da kamfani ɗaya tilo ba, don haka Intel ya ƙulla yarjejeniya da AMD domin shi ma ya riƙa ƙera irin kayansa. Da kasuwa ta buɗe, Intel ya fito da samfurin 386 ya hana AMD zanensa. Aka shiga zaman sasanci a 1987, ba a rufe wannan babi ba sai 1995.

Bayan shekara goma, a watan Yunin 2005, AMD ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke jihar Delawa. Zargin shi ne Intel yana ba manyan masu haɗa kwamfuta rangwame mai tsoka, da sharaɗin kada su sayi kayan AMD, ko kuma su saya ɗan kaɗan. Ɗan kasuwa zai ce, to mene ne laifin rangwame? A nan ne shari'ar take. Sauƙaƙa farashi halak ne a dokar gasar kasuwanci, har ma ana son sa. Amma idan wanda ke riƙe da kashi 70 cikin 100 na kasuwa ko fiye ya ce wa dillali, "Ka ɗauki kayan wancan, ka rasa rangwamen da nake yi maka a kan duk abin da kake saya a wurina," ƙaramin kamfani ba shi da yadda zai cike wa dillalin wannan asara, ko da kayansa sun fi kyau. Hukumar Turai ta ce haka aka yi da Dell, HP, NEC da Lenovo tsakanin 2002 da 2007, har da biyan wani babban kamfanin kantunan lantarki na Jamus kuɗi domin ya riƙa sayar da kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel kaɗai. Intel ya musanta, ya ce gasa ce ta halak kuma masu saye ne suka ci moriyarta.

Darasi na farko ga ɗalibi shi ne ya rarrabe takardu uku: takardar ƙara, takardar hukunci, da takardar sulhu. Lauyan mai ƙara ne ke rubuta ta farko, aikinsa kuwa ya baƙanta abokin shari'a gwargwadon iko. Tana da daɗin karatu, shi ya sa ɗalibai ke kwasar maganganunta su zuba kamar alƙali ne ya faɗa. Ƙarar Delawa ba ta ma kai ga hukunci ba. A watan Nuwamban 2009 suka sasanta, Intel ya biya AMD dala biliyan 1.25, suka kuma sabunta yarjejeniyar amfani da fasahar juna ta shekara biyar. Ɗalibin da ya rubuta cewa "kotun Amurka ta sami Intel da laifi" ya yi wa tarihi ƙage. Haka ita ma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta shigar da tata tuhumar a Disamban 2009, aka kammala da yarjejeniya a Agustan 2010, inda Intel ya amince da wasu sharuɗɗa ba tare da ya amsa laifi ba.

A Turai kuwa maganar ta zama wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A 2014 kotun farko ta Tarayyar ta tabbatar da tarar. A 2017 babbar kotun da ke samanta ta ce a sake duba shari'ar, domin ba a auna hujjar Intel ta lissafi yadda ya kamata ba: shin abokin gasa mai ƙwarewa irin ta Intel zai iya jure wannan rangwame ko ba zai iya ba? A 2022 kotun farko ta dawo ta soke tarar. A Satumban 2023 Hukumar ta sake cin Intel tara, wannan karon kimanin yuro miliyan 376, a kan ɓangaren da kotu ba ta rushe ba, wato biyan HP, Acer da Lenovo kuɗi domin su jinkirta ko su fasa fitar da kayan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar AMD. Ita ma Intel ya ƙalubalance ta. A Oktoban 2024 babbar kotun ta yi watsi da ƙarar da Hukumar ta ɗaukaka game da rangwamen. Shekara goma sha biyar ke nan daga ranar tarar farko. Yaron da aka haifa a ranar ya kusa gama sakandare.

To ina ake samun waɗannan takardu? Ni a ganina a fara da bakin kamfanin da kansa. Duk kamfanin Amurka da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar hannayen jari dole ne ya miƙa rahoton shekara, mai suna 10-K, ga hukumar kula da hannayen jari, SEC. A ciki akwai sashen da ke bayyana manyan shari'o'in da kamfanin ke fuskanta, da sunan kotu, da matakin da aka kai. Rumbun hukumar, EDGAR, kyauta ne, daga Kano ko Damagaram ana iya buɗe shi a waya. Ka ɗauki rahotannin Intel na shekaru a jere, ka karanta wannan sashe kaɗai, za ka ga yadda shari'a ke tsirowa, ta girma, ta ɓace. Sai dai ka tuna lauyoyin kamfanin ne suka tsara kalaman, kowa kuwa yana wanke kansa ne. Ka buɗe na AMD na shekarar ka ajiye su gefe da gefe.

Takardun kotunan tarayyar Amurka suna rumbun PACER, wanda ke cajin senti 10 a kowane shafi, kuma biyan kuɗin kan yi wa ɗalibin da ba shi da katin dala wuya. CourtListener na ba da da yawa daga cikinsu kyauta, Google Scholar kuma yana da sashen hukunce-hukuncen kotunan Amurka. Na Turai suna shafin kotun, Curia, ba a biyan ko sisi. Ka riƙe lambar shari'a da sunan kotu, domin kamfanoni biyu na iya samun ƙararraki da dama masu suna iri ɗaya.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi duk waɗannan amfani: bin maƙwabtan shari'a. Kamfanoni kan roƙi kotu ta rufe takardun da ke ɗauke da sirrin kasuwanci, sulhu kuma yakan binne sauran. Amma abin da aka rufe a nan yakan ɓullo a can. A watan Yulin 2010 SEC ta tuhumi Dell, ba Intel ba, da ɓoye wa masu hannun jarinsa cewa wani kaso mai yawa na ribarsa daga kuɗin da Intel ke ba shi yake fitowa don kada ya yi amfani da kayan AMD. A lissafin hukumar, a wani zango na shekarar kuɗi ta 2007 waɗannan kuɗi sun kai kashi 76 cikin 100 na ribar ayyukan Dell. Kamfanin ya biya dala miliyan 100, shi ma ba tare da ya amsa ko ya musanta ba. Wanda ya tsaya ga neman sunan Intel a jerin waɗanda ake ƙara ba zai taɓa ganin wannan adadi ba, alhali shi ne ya fi nuna girman kuɗin da ake magana a kai.

Shari'o'in haƙƙin mallakar fasaha ma haka suke juyawa. A Maris ɗin 2021 masu taya alƙali yanke hukunci a garin Wako na jihar Tekzas suka ce Intel ya biya kamfanin VLSI dala biliyan 2.18. A Disamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan adadi. Qualcomm, wanda ƙwaƙwalwarsa ke cikin wayoyi da yawa a hannunmu, ya sha kaye a hannun FTC a 2019, ya yi nasara a ɗaukaka ƙara a 2020.

Saboda haka, ɗalibi, duk adadin da za ka rubuta, ka haɗa shi da sunan wanda ya faɗe shi, da shekarar, da abin da ya biyo baya. Daren da za ka miƙa aikin, ka sake buɗe shafin kotun ka duba ko an zauna a kan shari'ar bayan ranar da ka ɗauko bayananka.