Takin Masai: Ribar Bana, Bashin Jikoki

Dambam, Jihar Bauchi — Tun lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin takin zamani a 1997, manoman ƙasar Dambam da Azare suke ta neman abin da zai riƙe musu gona ba tare da ya cinye jarinsu ba. Tashin farashin taki a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ya ƙara tsananta wannan nema. Daga cikin abubuwan da ido yake komawa kansu akwai lakar da ake kwasowa daga masai da magudanan ruwa na birane.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shekaru aru-aru manoman kewayen Kano suna ɗaukar shara da toka da kashin dabbobi a kan jakuna zuwa gonakinsu, abin da ya sa suke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ya mutu ba. Lakar masai ma tana da sinadaran da gero da dawa suke bukata, tana kuma taimaka wa jigawa irin ta Dambam ta riƙe laima.

Sai dai sharar jiya dabam take da ta yau. A Kano, rafin Getsi yana kwaso dagwalon masana'antun Bompai ya zuba cikin Jakara, inda ake noman rani na kayan lambu, yayin da kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa suke aiki da sinadarin kuromiyam. Bincike ya sha nuna ƙarafa masu guba, kamar dalma da kadmiyam, a ƙasar waɗannan fadamu. Duk lakar da ta fito daga irin wannan magudana, da gubarta take tafe.

A nan ne lissafin yake. Zafin ƙasashenmu yana narkar da amfanin takin cikin damina biyu ko uku, amma ƙarfe ba ya ruɓewa. A Woburn ta Ingila an zuba irin wannan laka a wata gonar gwaji daga 1942 zuwa 1961. Fiye da shekara ashirin bayan an daina, masana suka tarar ƙarafan suna nan a saman ƙasa, sun kuma raunana ƙwayoyin halittar da ke zama a saiwar tsiro suna samar masa da abinci daga iska. Irin waɗannan ƙwayoyi ne wake da gyaɗa suka dogara da su. Ƙasa mai yashi kuwa ba ta da ƙarfin ɗaure guba, don haka takan shiga tsiro, ko ta gangara cikin rijiya. Ƙwan tsutsar ciki ma yakan yi shekaru a ƙasa da ransa.

Shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan ƙarafan da aka yarda da su cikin wannan taki tun 1986, Amurka ta kafa nata ƙa'idoji a 1993, jihar Maine kuma ta haramta shi ɗungurungum a 2022.

Ga ɗan kasuwa, batun ya wuce na lafiya kaɗai. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari. Mai sayen riɗi ko wake a ƙetare yana gwada kaya kafin ya biya, kuma gonar da ta sha guba ba ta wankuwa da kuɗi kaɗan.

Dambam tana da sa'a guda: ba ta da manyan masana'antu. Lakar masai ta cikin gida, idan aka shanya ta, aka tsince batura da robobi, aka haɗa ta da karmami ta yi shekara ɗaya zuwa biyu tana ruɓewa, haɗarinta yakan ragu ƙwarai, musamman a gonar hatsi. Ba a zuba ta a kan latas ko wani ganye da ake ci ɗanye. Wadda za a guje mata ita ce wadda mota ta kawo daga birni da araha, ba a san inda aka kwaso ta ba. Kafin manomi ya tambayi kuɗin lodi, ya kamata ya fara tambayar asalinsa, domin gonar da yake nomawa gado ce da zai bar wa na baya.